Tsakanin Tankin Mai da Bakin Rijiya: Wa Ke Duba Ruwan Cadakori?

A kan babbar hanyar da ta taso daga Damagaram, ta ratsa Gazawa da Agye da Cadawa, ta shiga Maraɗi ta fita ta Tsibiri zuwa Gidan Rumji, da wuya a wuce gari ba a ga teburin ɗan ruwa-ruwa ba. Kwalabe a jere, jarkoki a inuwa, mazurari a rataye. Ɗan kabu-kabu ya tsaya a juye masa lita guda, ɗigo biyu ko uku su zuba ƙasa. Wanda ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin teburin zai tarar rairayin wurin ya yi duhu ya dunƙule, ko da damina ciyawa ba ta fitowa a cikinsa. Can gefe bakanike ya kwance baƙin mai daga inji ya bar shi ya bi ƙasa. Taki kaɗan daga nan, mata na jan ruwa a rijiya.

In ana zancen haɗarin mai a ƙasar Hausa, wuta ce ke fara zuwa a rai, kuma da dalili. A watan Mayun 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, ta kama da wuta, ta ci rayuka fiye da 50. Ranar 15 ga Oktoban 2024 aka yi irinta a garin Majiya na jihar Jigawa, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Waɗannan kowa ya gani, kowa ya yi jimami. Man da bai kama wuta ba kuwa, wanda ƙasa ta shanye, ba ya hayaƙi, ba a kira masa 'yan kwana-kwana. Sai bayan shekaru ya ɓullo a cikin guga.

Ruwan da ake takawa a kansa

Ƙaramar hukumar Cadakori, da ke cikin gundumar Gidan Rumji a jihar Maraɗi, ba ta da kogin da ke gudu shekara cur. Tafkunan damina kan ƙafe kafin bazara. Ruwan sha da na girki da na alwala da na dabbobi, daga ƙarƙashin ƙasa ake ciro shi, ko da wasaki, ko da famfon tuƙa-tuƙa, ko da injin da ke cika tanki a sama. Haka abin yake a Agye, haka yake a Gazawa. Masu shan kuma ƙaruwa suke yi. Tun da 'yan bindiga suka fara koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a 2019, Cadakori na ɗaya daga wurare uku, tare da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, da hukumomin Nijar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsugunar da su nesa da bakin iyaka.

Ruwan ƙasar nan hawa-hawa ne. Na sama shi ne na kwaruruka. Akwai Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga Najeriya, ya bi ta Jibiya, ya shigo ta ƙasar Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya haɗe da Gulbin Rima. Akwai kuma Gulbin Kaba, tsohon kwarin nan na goruba da ya bi ta Gazawa ya yi arewa zuwa Mayahi. A cikin waɗannan kwaruruka yashi ne da tsakuwa, ruwa a kusa yake, wani wurin gaba biyu ko uku an same shi. A kan jigawa kuwa sai an gina gomman mitoci. A ƙarƙashinsu duka akwai babban ruwa mai zurfi a cikin dutsen yashi, wani yanki na rumbun ruwan Iullemeden da Nijar da Najeriya da Mali suka yi tarayya a kansa, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 500,000.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kogi ne ke gudu a can ƙasa. Ba haka ba ne. Ruwan yana zaune ne a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, yana tsiyaya a hankali daga inda ya fi tudu zuwa inda ya fi gangare. A cikin yashi tafiyarsa ta yini ba ta cika wuce 'yan santimitoci zuwa mita guda ba. Wannan jinkiri yana da fuska biyu. Abin da ya shiga ruwan yau zai daɗe kafin ya isa rijiyar maƙwabta, don haka akwai lokacin tare shi. Amma in ya shiga, babu ambaliyar da za ta zo ta wanke shi.

Ta ina man yake shiga?

Nijar ta zama ƙasa mai haƙo mai a 2011, lokacin da kamfanin CNPC na Sin ya fara fitar da ɗanyen mai daga Agadem, aka kuma buɗe matatar SORAZ ta kusa da Damagaram a watan Nuwamban shekarar, mai iya tace ganga 20,000 a rana. Daga baya aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Seme, kusa da Kwatano, ya ratso jihohin Difa da Damagaram da Maraɗi da Tawa da Doso. A watan Mayun 2024 jirgin ruwa na farko ya yi lodi. Wata guda bayan haka, a watan Yuni, aka fasa bututun a yankin Tesker na jihar Damagaram, ƙungiyar 'yan tawaye ta FPL ta ce ita ta yi, ɗanyen mai ya malala a kan rairayi. A ƙarshen shekarar aka sake kai masa hari a wajen Gaya.

Bututun yana da sojojin da ke gadinsa, yana da ma'aikatan da ke duban ƙarfin tafiyar man dare da rana, kuma in ya fashe labari yana kai ko'ina. Abin da ya fi cancantar a damu da shi a gari irin Cadakori ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi kusa da gida. Tankin ƙarfe ne da aka binne a gidan mai, wanda tsatsa ke ci a ɓoye, ko mahaɗar bututunsa ta saki. In yana ɗigo ɗaya a kowane sakan, a yini lita huɗu ce da 'yan kai, abin da mai gidan man zai iya ɗorawa a kan zafin rana ko kuskuren awo. A shekara kuwa ya haura lita 1,500, duk a wuri guda, duk a ƙarƙashin ƙasa inda rana ba ta busar da shi. Amurka, da duk kuɗinta da dokokinta, ta tabbatar da yoyo sama da rabin miliyan daga irin waɗannan tankuna tun da ta tsaurara sa musu ido a ƙarshen shekarun 1980.

Bayan tanki akwai durom-durom da ake jibgewa a cikin gidaje da shaguna, sana'ar da ta bunƙasa shekara da shekaru saboda arhar man Najeriya, kafin a cire tallafi a can ranar 29 ga Mayun 2023. Akwai injin gazuwal da ake girkawa dab da bakin rijiyar burtsatse, ana zuba masa mai ana yi masa juye a nan inda yake. Akwai kuma injin ban ruwa na masu lambu a fadama, wanda ake ɗorawa a bakin ramin ruwan, a inda ruwan ƙasa ya fi kusa da sama. Manoman da suka mayar da injinansu masu aiki da iskar gas, da garuruwan da suka koma hasken rana, sun rage wa ruwansu wannan haɗari ko da ba don shi suka yi ba.

A yi adalci ga ɗan ruwa-ruwa: yawancin fetur ɗin da ya ɗiga a kan rairayi mai zafi iska ke kwashe shi, kuma a kan jigawa, inda ruwa ke da nisa, ƙasa na riƙe sauran kafin ya kai. Haɗarin yana tsananta ne inda abu uku suka haɗu: zuba mai ɗorewa, yashi mai saurin shanyewa, da ruwa a kusa. Kwaruruka biyun nan sun tara biyu daga ciki tun fil azal. Na ukun mutum ke kawo shi.

Abin da ke faruwa a can ƙasa

Man da ya tsere daga tanki yana gangarawa ta cikin yashi, yana barin wani kaso manne da ƙwayoyin ƙasa. In ya yi yawa sai ya kai ga ruwa. Da yake bai kai ruwa nauyi ba, ba ya nutsewa, sai ya kwanta a kansa ya bazu. Damina ta zo ruwan ƙasa ya tashi, man ya tashi tare da shi. Rani ya yi ruwan ya sauka, man ya biyo shi. Da wannan hawa da sauka yake shafe ƙasa mai kaurin mita ɗaya ko biyu, wadda za ta yi ta sakin guba cikin ruwan shekaru bayan an tone tankin an jefar.

Wani ɓangare na man kuma yana narkewa a cikin ruwan, ya bi shi duk inda ya nufa. Ido ba ya ganin wannan. Ruwan na iya fitowa garau. Sinadarai huɗu ne masana suka fi bi: benzin, toluwin, etilbenzin da zailin, waɗanda suke taƙaitawa da BTEX. Sun fi yawa a fetur bisa ga gazuwal ko ɗanyen mai, kuma mafi muninsu shi ne benzin, wanda ya fi sauran saurin narkewa, an kuma tabbatar yana jawo kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyaka a ruwan sha: maikirogiram 10 a lita guda. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na tsantsar benzin ya isa ya kai ruwan durom 2,000 da ɗoriya, mai cin lita 200 kowanne, ga wannan iyaka.

Hanci yana da amfaninsa. Sau da yawa matar da ke jan ruwa ce ke fara cewa ruwan nan ya yi warin kananzir, ko shayi ya sauya ɗanɗano, kuma bai kamata a yi wasa da maganarta ba, don wasu sinadaran mai ana jin warinsu tun suna kaɗan. Sai dai hanci ba ya faɗin adadi, kuma benzin shi kaɗai yana iya ninka iyakar nan sau da yawa ba tare da an ji komai ba. Maganin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa shi. Tafasawa kuma tashinsa take yi ya shiga iskar madafa, mai girki ta shaƙa. Akwai ma wata hanyar da ba a cika tunawa da ita ba: fetur yana ratsa bututun roba, ta yadda ruwan famfo mai tsabta kan gurɓata in bututunsa ya bi ta ƙasar da mai ya jiƙa.

Ogale da Baruwa

Ba sai an je nesa ba kafin a ga inda wannan ke kaiwa. A watan Agustan 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni a jihar Ribas ta Najeriya. Masu binciken sun haƙa rijiyoyin sa ido 142, sun auna samfura sama da 4,000. A Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun tataccen mai, sun tarar da mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasar da rijiyoyin mutane ke ɗiba, sun kuma sami benzin da ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Iyalai suna shan wannan ruwa, suna ba 'ya'yansu. Rahoton ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30, ya kuma nemi a fara da asusun dala biliyan ɗaya.

A Baruwa kuma, wata unguwa a ƙaramar hukumar Alimosho ta Legas, ba rijiyar haƙar mai ko ɗaya. Bututun tataccen mai ne kawai ya ratsa ta wurin. Tun tsakiyar shekarun 1990 mazauna unguwar suka fara jawo fetur a guga, rijiyoyi da dama suka mutu, mutanen da ke zaune a kan ruwa suka koma sayen ruwa. Wannan misali ya fi kama da halin jihar Maraɗi, wadda ba a haƙo mai a cikinta amma yana ratsa ta, a bututu da a kan taya.

Yadda ake sa ido

Aikin yana farawa ne da tambaya da yawo a ƙafa, tun kafin a kawo injin haƙa. Ina tankin yake, yaushe aka binne shi, ina aka taɓa zubar da mai, rijiyoyi nawa ne a kewaye, wace ce ta fi kusa? Tsofaffin gari da maginan rijiya sun san inda ake samun laka da inda yashi ne zalla, kuma saninsu kan rage wa injiniya wahala.

Sannan a haƙa rijiyoyin sa ido. Ba na sha ba ne, 'yan sirara ne, bututun roba mai faɗin kamar santimita 5, da aka tsattsaga ƙasansa don ruwa ya shiga. Ana zagaye tsagun da yashi mai tsabta, a toshe sama da wani yumɓu mai kumbura da ake kira bentonait, a yi daɓen siminti, a sa murfi da kwaɗo. In ba a toshe da kyau ba, rijiyar da kanta za ta zama hanyar da ƙazanta ke bi ta sauka. Kuma dole tsagun su ratsa daidai saman ruwan, wani sashe a sama wani a ƙasa, har da la'akari da hawa da saukarsa tsakanin damina da rani. Dalilin a fili yake: man a sama yake kwance. Rijiyar burtsatse mai zurfi da ke zuƙo ruwa daga can ƙasa za ta iya nuna komai lafiya alhali mai na shimfiɗe a bisanta.

Mafi ƙarancin adadi uku ne, kuma ba a jera su a layi ɗaya. Ana auna tsayin bakin kowace daga ma'auni guda, a auna zurfin ruwan da ke cikinta, daga nan lissafi ya nuna ta ina ruwan ƙasa ke gangarawa. Ba kullum yake bin gangaren da ido ke gani a sama ba, musamman in akwai injin da ke jan ruwa da ƙarfi a kusa, don yana iya karkato shi wajensa. Rijiya ɗaya tana zama ta bayan tankin, inda ruwan ke fitowa, ita ce ke nuna yadda yake kafin ya iso. Sauran suna gaba, tsakanin tankin da rijiyoyin mutane, domin a ga gubar tana tafe tun ba ta iso ba.

Ranar ɗibar samfur ita ce ranar natsuwa. Ma'aikaci ya buɗe murfi, ya zura wata igiyar awo mai na'ura a baki, wadda kukanta ke sauyawa in ta taɓa mai da in ta taɓa ruwa, ya rubuta kaurin man in akwai. Inda babu na'urar, ana zura wani bututu garai-garai a ɗebo saman ruwan a duba da ido. Sai a fitar da ruwan da ya kwana a rijiyar, bisa al'ada kamar cikinta uku, ko a ja shi sannu-sannu har awon ya daidaita, domin ruwan da ake so shi ne wanda ya fito daga cikin ƙasa yanzu. Kwalbar samfurin ta gilashi ce, 'yar ƙarama mai cin mililita 40, da ɗigon asid a ciki don hana ƙwayoyin halitta cinye abin da ake nema. A tsiyaya ruwan a hankali ba tare da ya yi kumfa ba, a cika ta fal har ya yi tozo a baki, a rufe, a kife ta, a ɗan ƙwanƙwasa da yatsa. In aka ga ƙwayar iska ko ɗaya ta taso, an yi asara, sai a ɗauki sabuwar kwalba. Benzin mai saurin tashi ne, zai gudu cikin wannan 'yar iskar, awo ya fito ƙasa da gaskiya.

Daga nan sai tsere da zafi. Kwalaben suna son sanyin da bai wuce digiri 4 ba ko kusa da haka, kuma a auna su cikin kwana 14. Wanda ya san bazarar Maraɗi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya kuma san tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Samfurin da ya sha rana a bayan mota zai isa ɗakin gwaji ya ba da shaidar zur, a rubuta cewa ruwa lafiya lau. Shi ya sa ake haɗa su da ƙanƙara a akwatin sanyi, da takardar da ke nuna hannun da suka bi. Ana kuma sa wata kwalba ta tsabtataccen ruwa da aka rufe tun daga ɗakin gwaji, ta je ta dawo tare da sauran ba a buɗe ta ba. In aka sami mai a cikinta, to a hanya ya shiga, wataƙila daga jarkar fetur da direba ya ajiye a bayan motar.

A ɗakin gwaji ana amfani da na'urar kuromatogiraf, wadda ke rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya ta faɗi adadin kowanne. A nan akwai abin da ya kamata kowane kwamitin ruwa ya sani. Gwajin da aka saba yi wa sabuwar rijiya, na gishiri da ƙarfe da naitiret da ƙwayoyin cuta, ba ya ganin benzin. Takarda na iya cewa ruwa ya yi, alhali ba a tambaye ta zancen mai ba. Sai an nemi wannan gwaji da sunansa.

Awo ɗaya kuma ba ya isa. Abin da ake bi shi ne sauyi: yana ƙaruwa, yana raguwa, ya kai rijiya ta gaba ko bai kai ba?

Darasin Bemidji

A watan Agustan 1979 bututun ɗanyen mai ya fashe kusa da garin Bemidji a jihar Minesota ta Amurka, kimanin lita miliyan 1.7 suka fantsama a kan ƙasa mai yashi da tsakuwa. An kwashe mafi yawa, amma wajen lita 400,000 suka rage a ƙasa. Tun 1983 masana na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka mayar da wurin makaranta, suka cika shi da rijiyoyin sa ido, suna aunawa shekara bayan shekara. Sun gano cewa ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna cin sinadaran man, har suna hana benzin yin nisa kamar yadda ruwan da kansa ke yi. Sun kuma gano cewa man da ke kwance a tsakiya bai tafi ko'ina ba bayan shekara 40.

Nazarin da aka yi wa ɗaruruwan gidajen mai a Kaliforniya da Tekzas a shekarun 1990 ya ƙarfafa wannan: yawanci benzin ba ya wuce mita 100 daga inda ya tsiyaya. Ga gari irin Cadakori wannan labari ne mai daɗi, don yana nufin ba kowace rijiya ce ke cikin haɗari ba, kuma aikin bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Rijiyoyin da ke cikin mita 100 daga gidan mai, ko rumbun durom, ko layin bututu, su ne na farko a lissafi, sai waɗanda ake ja da inji mai ƙarfi ko da sun ɗan fi haka nisa.

Tsibiri ba ta da nisa

Mutanen gundumar Gidan Rumji ba sa bukatar a ba su labarin abin da ruwan da ba a bi diddiginsa ba yake yi. A Tsibirin Gobir an fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse a 1985. Ruwa ne garau, ba wari ba launi. Shekaru suka yi ta tafiya, yara suna tasowa da haƙora masu tsatsa, wasu ƙafafu sun lanƙwashe, wasu ba sa iya miƙewa. Sai da aka yi kusan shekara 15 kafin a tsayar da abin. Sinadarin fuloraid ne, ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa har sau uku ko fiye, ya shafi dubban yara. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan yaran Tsibiri. Wannan guba daga dutse ta fito, ba daga tanki ba, amma hanyar da ta bi ta kai ga yaran ita ce dai wadda benzin zai bi: ruwan da aka yarda da shi don ido bai ga komai ba. Yaran nan yanzu manya ne, suna nan a cikin gari.

Doka ba ta rasa ba. Kundin dokar ruwa na Nijar na ranar 1 ga Afrilun 2010 ya ɗora wa wanda ya gurɓata ruwa nauyin biya. Dokar 14 ga Mayun 2018 ta tsara binciken tasirin ayyuka ga muhalli, tare da hukumar BNEE da ke bin sa. Irin wannan bincike yana bayyana yadda wuri yake kafin a fara aiki, da yadda za a ci gaba da dubawa bayan an fara. A nan ne maganar take. Ranar da rijiya ta yi wari, mai tanki zai ce haka ya tarar da ita, ko ya nuna bakaniken da ke gefe, ko ɗan ruwa-ruwan da ke tsallaken hanya. Talakan da ba shi da takardar awon da aka yi kafin zuwan tankin ba shi da abin da zai riƙe a gaban alƙali. Don haka awon da ya fi kowane daraja shi ne wanda aka yi lokacin da ruwan ke lafiya, kuma shi ne wanda aka fi saurin cewa ba a bukata.

Masu iya aikin suna nan kusa. Ma'aikatar ruwa tana da ofishinta a Maraɗi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana da tsangayar kimiyya da ɗaliban da ke neman abin bincike, maginan rijiyar fadama kuma sun iya huda yashi da hannu su sa bututu. Mai gidan mai shi ma yana da nasa kason, kuma ribarsa ce: ya riƙa gwada abin da sandar awo ta nuna a tanki da abin da famfo ya sayar, kullum, a rubuce. Giɓin da ke maimaita kansa ta gefe ɗaya alamar yoyo ce. Haka in man shafawar da ake sa wa bakin sandar ya sauya launi ya nuna ruwa ya shiga tanki, to ƙofar da ruwa ya shigo ta nan mai zai fita.

In kuwa wari ya riga ya ɓulla a wata rijiya, matakin farko shi ne a daina sha da girki da ita nan take, a sanar da mai gari da magajin gari da ofishin ruwa, a rubuta ranar. Kada a zura fitila ko wani abu mai wuta a ciki, kada kuma a sa yaro ya shiga yasa, don tururin mai yana taruwa a ƙasan rijiya, yana kashewa, yana kuma kamawa da wuta. Kwashe ruwan da inji ba ya warkar da ita, sau da yawa ma ƙara jawo man yake yi.

Ga garuruwan Cadakori da Agye da Gazawa, shekara ta riga ta raba lokutan awo. Ɗaya a wajen Oktoba, bayan ɗaukewar damina, lokacin da ruwan ƙasa ya kai ƙarshen tashinsa ya taɓo ƙasar da mai ya shafa. Ɗaya a wajen Mayu, lokacin da ya sauka, man da ke kwance ya fi taruwa a rijiyar sa ido. Sakamakon kuma bai kamata ya tsaya a aljihun tebur cikin Faransanci ba. A manna shi a ofishin magajin gari, kwamitin ruwa ya riƙe kwafinsa, a kuma karanta shi da Hausa a rediyon gari, rijiya bayan rijiya, da sunan unguwarta da adadin da aka samu.